Ma'anar fistol "semi-otomatik", da dalilin da ya sa tsofaffinta suke araha a Amurka

Duk lokacin da aka yi harbi a wata makaranta ko wani kanti a Amurka, sai kalmar ta dawo cikin labarai: maharin ya yi amfani da bindiga "semi-otomatik". Masu fassara a gidajen rediyo kan ce "bindiga mai sarrafa kanta", su wuce. Ba ƙarya suka yi ba, amma rabin zance ne, domin abin da zai zo wa mai sauraro a Kano ko Damagaram shi ne bindigar da ake danne kunamarta ta yi ta ɓarin wuta har harsashi ya ƙare. Waccan ita ce cikakkiyar otomatik. Semi-otomatik ɗura wa kanta harsashi kawai take yi. Harbi kuwa sai an ja kunama, ja ɗaya harsashi ɗaya, kuma sai yatsa ya saki kafin a sake ja. Da ni ne mai fassarar, "mai ɗura wa kanta" zan ce.

A ƙaramar bindigar hannu, wadda muke kira fistol, ga yadda abin yake. Harsasai suna jere a cikin magazin, wato gidan harsashin da ake zurawa ta ƙasan mariƙi, da sifirin a ƙarƙashinsu yana turo su sama. A saman bindigar akwai murfin ƙarfe mai zamewa gaba da baya, wanda ya lulluɓe bututun. Mai bindiga zai ja murfin nan baya sau ɗaya da hannunsa ya saki, ya ɗana ke nan: murfin ya kwashi harsashi na farko ya cusa shi a maƙogwaron bututu. Da ya ja kunama albarushi ya kama, ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne kuma yake tunkuɗo murfin baya. A hanyarsa ta baya sai ya fizgo ƙwanson da ya ƙone ya wurgar da shi gefe, ya kwantar da 'yar gudumar da ke dukan gindin harsashi. Wani sifirin daban ya mayar da murfin gaba, ya sake kwaso wani harsashin. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Abin da kunne ya ji tau ɗaya ne, abin da ido ya gani ƙwanson tagulla ne yana birgima a ƙasa, amma bindigar ta riga ta sake ɗanuwa.

Nan ta bambanta da libarba, mai ɗan ganga da ke juyawa da harsasai biyar ko shida, wadda yatsa ne yake juya gangar. Akwai kuma fistol masu ɓarin wuta na gaske, irin su Stechkin ta Rasha da Glock 18, amma kayan sojoji da 'yan sanda ne. Ko a Amurka, tun 1986 aka rufe ƙofar yi wa farar hula rajistar sababbin bindigogi masu ɓarin wuta.

Dabarar ta girmi kakanninmu. A Jamus aka fara sayar da irinta da yawa, ƙirar Hugo Borchardt ta 1893, sai Mauser a 1896, sai Luger da sojojin ƙasa na Jamus suka karɓa a 1908. Amma wanda ya kafa siffar da ake bi har yau shi ne John Moses Browning, ɗan garin Ogden a jihar Utah. Sojojin Amurka sun karɓi bindigarsa a 1911, aka sa mata sunan shekarar, M1911, tana cin harsashi bakwai, kuma ita ce fistol ɗinsu har 1985 da Beretta ta Italiya ta gaje ta. Wata ƙirar Browning ɗin, FN 1910 ta kamfanin FN na Beljiyam, da ita Gavrilo Princip ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya a Sarajevo ranar 28 ga Yuni, 1914, harbin da ya kunna Yaƙin Duniya na Ɗaya. Browning ya rasu a Beljiyam a 1926 yana tsakiyar wani aikin. Dieudonné Saive na kamfanin FN ya ƙarasa shi, ta fito a 1935 da sunan Hi-Power, mai cin harsashi 13, abin mamaki a wancan zamani. Sojojin Birtaniya sun riƙe ta har 2013.

Waɗannan, da Walther PP ta 1929, da Tokarev da Makarov na Tarayyar Sobiyet, da CZ 75 ta Cekoslobakiya, su ne masu sha'awar bindiga a Amurka suke kira "kilasik". Tsufa kawai bai isa ba. Ana nufin ƙirar da ta yi aiki shekaru da yawa a hannun soja ko ɗan sanda, ƙarfe ce daga sama har ƙasa, aka kuma kwaikwaye ta a ƙasashe da dama. Iyakar da yawancinsu suke ja ita ce farkon shekarun 1980, lokacin da Glock ta Ostiriya ta shigo da jikin roba ta sauya kasuwar. Doka ma tana da nata ma'auni: hukumar ATF da ke kula da makamai a Amurka tana sanya bindigar da ta kai shekara 50 da ƙerawa cikin ajin kayan tarihi, kuma akwai lasisi na musamman na masu tara irinsu.

To daga ina arahar ta fito? Daga rumbunan gwamnatoci. Bayan rushewar katangar Berlin a 1989 da wargajewar Tarayyar Sobiyet a 1991, ƙasashen Gabashin Turai suka fara komawa ga harsashin ƙungiyar NATO, sai tsofaffin makamansu suka zama kaya a wuya. 'Yan kasuwar Amurka suka saye su akwati-akwati: Makarov ta Bulgeriya da ta Jamus ta Gabas, CZ 82 ta Cek, P-64 da P-83 na Poland, Tokarev ta Romaniya. Haka 'yan sandan Italiya da Sifen suka sauke Beretta da Star. Gwanjo ne, kamar dilar kayan sawa, kuma halin gwanjo ɗaya ne ko'ina: ranar da aka kwance dila kaya kan yi arha, in ta ƙare farashi ya tashi, ba ya sake saukowa. Makarov ta Jamus ta Gabas da a da ake ɗauka da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, yanzu kayan masu tarawa ce. Luger kuwa ta daɗe da barin sahun talaka.

Hanya ta biyu ita ce kwaikwayo. Haƙƙin mallakar ƙirar Browning ya daɗe da ƙarewa, saboda haka kamfanonin Turkiyya irin su Tisas da Girsan, da Armscor na Filifin, suna ƙera 1911 sabuwa fil a farashin da bai kai na Colt, kamfanin Amurka da ya fara ƙera ta, ba. Girsan na yin Hi-Power ma. Masu tarawa ba sa ɗaukar waɗannan a bakin komai tunda ba su da tarihi, amma wanda filin koyon harbi ne gabansa, a ganina shi ya fi cin riba da su, don akwai garanti, akwai kayan gyara.

Inda sabon shiga ya fi faɗawa rami shi ne wajen harsashi. Zai ga an rubuta "milimita 9" ya ɗauka duk kanwar ja ce. Akwai 9x19 (wato kaurin harsashi milimita 9, tsawon ƙwanso 19), na Luger da Hi-Power da CZ 75 da Beretta, wanda ya fi kowanne yawa da sauƙin kuɗi a duniya. Akwai 9x18 na Makarov, wanda ya fi gajarta amma ya ɗan fi kauri. Akwai 9x17 na ƙananan fistol. Ba a musanya su, kuma tilasta wa bindiga wanda ba nata ba yana iya jawo mummunan rauni. Tokarev ma nata daban ne, 7.62x25. Bindigar da aka saya da arha, in harsashinta sai an yi odarsa daga nesa, kafin shekara ta zagayo ta ci kuɗin da aka yi tattali. Tsohon harsashin soja kuma sau da yawa yana barin wani gishiri a bututu, in ba a wanke da ruwa a ranar ba, tsatsa ta kama.

Shi ya sa in ka ga gogaggen mai saye a kantin bindiga, ba kyan fenti yake kallo ba. Zai tabbatar babu harsashi, ya ja murfin baya, ya haska ɗan tocila ta gindin bututu ya leƙa ta baki, yana neman layuka masu murɗewa da aka sassaƙa a cikin bututun: shin da kaifinsu ko sun lashe, akwai ƙananan ramukan tsatsa ko babu. Zai juya ta ya gwada lambar da ke jikin murfi da ta gangar jiki, domin lamba ɗaya na nufin ba haɗe-haɗe ba ce. Zai nemo 'yan ƙananan tambura, kamar lamba 10 cikin da'ira biyu da ke nuna masana'antar Bulgeriya. Sannan ya tambayi kuɗin magazin na biyu, don a wasu tsofaffin ƙirar magazin kaɗai ya isa ya sa mutum ya fasa ciniki.

Duk wannan ciniki na can ne, inda doka ta ba da dama, da binciken tarihin mai saye a hannun dillali mai lasisi. Birtaniya ta haramta wa farar hula kusan duk bindigogin hannu a 1997, bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane, Kanada kuma ta dakatar da cinikinsu a 2022. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sanya fistol da libarba cikin jerin haramtattun makamai, aji ɗaya da bindigogin soja, waɗanda lasisinsu sai daga shugaban ƙasa. Wanda aka kama da ita ba izini, ɗauri ne mai tsawo, ko tsohuwa ce ko sabuwa.

Akwai wani abu guda a cikin ma'anar kalmar da ya fi damuna, don ya ci rayuka da yawa, har a gidajen masu ɗamara. Tunda bindigar ɗura wa kanta take yi, cire magazin ba ya nufin ta zama fanko. Harsashi ɗaya na nan kwance a maƙogwaro, kuma ba ya fita sai an ja murfin baya an ga ya faɗo. Mutum zai zare magazin ya ajiye a kan tebur, hankalinsa ya kwanta, yaro ko aboki ya ɗauka ya ja kunama. An sa wa Hi-Power wani ɗan makulli da ke hana ta tashi in babu magazin a ciki, domin sojojin Faransa ne suka nemi haka tun ana zana ta. M1911 ba ta da shi, Makarov ma haka. Tokarev ta asali kuwa ko maɓallin kulle kunama ba ta da shi, waɗanda ake gani a jikin na kasuwar Amurka daga baya aka huda ƙarfen aka dasa su don a cika sharaɗin shigo da ita.