Juriyar shinkafa ga cutar rawaya mai ɗige-ɗige

Cutar rawaya mai ɗige-ɗige ta shinkafa, ƙwayar bairas ce da masana ke taƙaita sunanta na Turanci da RYMV ke haddasa ta, kuma a nahiyar Afirka kaɗai ake samunta. Shinkafar da ta kamu, ganyenta kan yi rawaya da ɗige-ɗige, ta tsumbure, zangarniyarta ta fito a takure, ƙwayoyin kuma su zama holoƙo. Idan ta kama shuka tun tana ƙarama, ana iya rasa gonar baki ɗaya. Ba a da maganin feshi da ke kashe bairas ɗin, shi ya sa bincike ya karkata ga neman irin da ke da juriya a gadonsa.

Tarihi da yaɗuwa

An fara ganin cutar a 1966 a Otonglo, kusa da Kisumu a Kenya, a gaɓar tafkin Biktoriya. Wajen tsakiyar shekarun 1970 aka ba da rahotonta a Afirka ta Yamma, har da Najeriya, daga baya kuma ta zama annoba a gonakin ban-ruwa na Mali da Nijar, inda aka yawaita shuka irin Asiya mai yawan amfani amma marar juriya. Nazarin tsatson bairas ɗin na nuna cewa mai yiwuwa ya samo asali a Gabashin Afirka cikin ƙarni na 19.

Ƙananan ƙwari masu taurin fiffike da ke cin ganye su ne manyan masu ɗaukar ta, sai wasu nau'o'in fara. Amma ba su kaɗai ba ne. Hannun mai dashe da ya tumɓuke iri mai cuta ya ɗaure shi dami ɗaya da mai lafiya yana yaɗa ta, haka gugar ganye da ganye. Wani bincike a Mali ya nuna shanu da jakuna da ɓeraye ma suna ɗauka idan sun yi kiwo a gonar. Ba ta bin ƙwayar iri.

Ƙwayoyin gado na juriya

Uku aka tabbatar zuwa yanzu, kuma mafi yawan nau'o'insu daga shinkafar Afirka ta asali, Oryza glaberrima, suka fito, wadda manoma da dama suka yi watsi da ita saboda ƙarancin amfani da zubar da ƙwaya.

Na farko, RYMV1, shi ne aka fi sani. Yana kan kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) na 4 cikin 12 da shinkafa ke da su, kuma masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa ne suka bayyana aikinsa a 2006. Yana sarrafa wani furotin da shuka ke amfani da shi wajen ƙera sauran furotin ɗinta. Bairas ɗin ba ya iya hayayyafa sai wani ƙaramin furotin nasa mai suna VPg ya manne da wannan na shukar, kamar mabuɗi da kwaɗo. A shinkafa mai juriya kwaɗon ya ɗan sauya, mabuɗin ba ya shiga. Wannan juriya ɓoyayya ce: sai tsiro ya gada daga uwa da uba duka take bayyana. Don haka idan aka haɗa mai juriya da marar juriya, 'ya'yan farko duk sukan kamu, a jikoki kuma kusan ɗaya cikin huɗu ke tsira. An samu wani nau'in RYMV1 mai ba da juriya a shinkafar Asiya iri biyu, Gigante da Bekarosaka ta Madagaska, wasu nau'o'in kuma a irin da aka yi wa lamba Tog5681 da Tog5672 da Tog5674, dukkansu shinkafar Afirka.

Na biyu, RYMV2, yana kan kuromosom na 1, shi ma ɓoyayye, an gano shi a Tog7291. Juriyar kan zo ne idan ƙwayar gadon ta daina aiki, abin da ya sa aka gwada kashe takwararta a shinkafar Asiya ta hanyar CRISPR, fasahar gyara ƙwayoyin gado.

Na uku, RYMV3, da aka bayyana a 2017, yana kan kuromosom na 11, kuma gado daga ɓangare ɗaya ya wadatar.

Akwai kuma juriya ta rabi da rabi a shinkafar tudu irin Azucena, wadda ke jinkirta cutar kawai.

Karyewar juriya

Bairas ɗin na saurin rikiɗa. Sauyi guda a wuri na 48 cikin jerin sinadaran da suka haɗa VPg ya isa ya karya juriyar Gigante. Wuri na 49 kuma ya raba bairas ɗin gida biyu: wani ya fi iya karya juriyar shinkafar Asiya, wani ta Afirka, kuma ana ganin wannan na biyun ya saba da shinkafar Afirka ne tun da daɗewa. A 2018 an bayyana wani nau'in bairas ɗin a yankin da Afirka ta Yamma ta haɗu da ta Tsakiya, wanda a gwaji ya karya yawancin juriyar da aka sani. Masana sun saɓa kan yadda gwajin ɗakin bincike ke nuna abin da zai faru a gona.

Amfani

AfricaRice, cibiyar binciken shinkafa ta Afirka, da cibiyoyin bincike na ƙasashe sun shigar da RYMV1 cikin wasu irin da manoma ke so, suna bin sawunsa da alamomin DNA maimakon jiran cutar ta bayyana.