Kitse mai ruwan ƙasa: ba kullum sanyi ke tayar da shi ba

Masu tallar rage ƙiba a Facebook da TikTok sun sami sabuwar kalma: kitse mai ruwan ƙasa. Wai ka sheƙa ruwan randa da asuba, kitsen zai farka ya cinye maka tumbi. Kitsen dai akwai shi. Yana tsakanin allunan kafaɗar ɓera da na jariri, kuma a 2009 aka tabbatar manya ma suna da ɗan kaɗan a gindin wuya. Cike yake da mitokondiriya, wato ƙananan sassan ƙwayar halitta masu mayar da abinci ƙarfi, su suka ba shi launinsa, kuma a cikinsu akwai furotin UCP1 mai sa abinci ya ƙone ya zama zafi zalla.

Abin takaicin shi ne yadda ake maganarsa kamar makunnin fitila: sanyi ya taɓa, ya kama. Uwar ɓera mai shayarwa ta rushe wannan zance tun 1982, lokacin da masanin kimiyya Paul Trayhurn da abokan aikinsa suka nuna cewa aikin wannan kitse raguwa yake yi a lokacin shayarwa.

Ɓera ba ya samun sakewa sai a wajen digiri 30 na Salshiyas. A ɗakin gwaji mai digiri 21 sanyi yake ji, kitsensa na ta aiki. Amma mai shayarwa a ɗakin nan, kashe nata take yi, domin haɗa nono kansa wuta ne. Uwar ɓeran gwaji nau'in da ake kira MF1 na cin kusan giram 23 a rana idan shayarwa ta kai ƙololuwa, ninki huɗu ko fiye na cinta na da, kuma narkar da wannan abinci da mayar da shi nono yana fitar da zafin da ya ishe ta har ya yi mata yawa. Ko an ƙara mata 'ya'ya, cin ba ya wuce nan.

Da farko an ɗora laifin kan hanji, wai ya cika. Sai John Speakman da mutanensa a Jami'ar Aberdeen suka kai uwayen ɗaki mai digiri 8: ci ya ƙaru, nono ya ƙaru. A digiri 30 duka biyun suka faɗi, 'ya'yan suka tashi ƙanana. Gwajin da ya fi burge ni shi ne na 2007, da Elżbieta Król ta jagoranta: aske gashin bayan uwar kawai aka yi, ɗakin na nan yadda yake. Ci ya hau da kashi 12 cikin ɗari, nauyin 'ya'yan a yaye da kusan kashi 15. Ashe iyakarta ita ce yawan zafin da fatarta ke iya zubarwa. Wannan ne kuma ke rage nonon shanun Turai idan bazara ta tsananta a ƙasar Hausa.

Ba kowane nau'i ne ya bi wannan ba. A China an aske wani nau'in, cinsa ya ƙaru, 'ya'yan ba su ƙara nauyi ba. Kuma sanyin da ke sauƙaƙa wa uwa yana iya halaka 'ya'yanta, don tsirara ake haifarsu, shi ya sa a gwajin digiri 8 sai da suka kwana goma aka kai su ɗakin sanyi.