Ma'anar "fok": lokacin da manhajar rumbun bayanai ta rabe gida biyu

Duk mai bin labaran manhajojin rumbun bayanai ya saba jin ana cewa "an yi wa manhaja kaza fok." Kalmar aro ce daga Turanci, tana nufin wurin da hanya ɗaya ta rabe biyu, kamar reshe daga jikin bishiya. A bakin masu rubuta manhaja kuwa, fok shi ne a kwafi rubutun tushen wata manhaja gaba ɗaya yadda yake a ranar, a tafi da shi, a ci gaba da gina shi da sabon suna a ƙarƙashin sababbin masu kula. Ɓallewa ce, amma wadda doka ta halatta.

Abin da ya halatta ta shi ne lasisi. Manhaja mai buɗaɗɗen tushe ita ce wadda masu ita suka bai wa kowa izinin karanta rubutunta, ya gyara, ya raba wa wasu. Da zarar an saki wani zubi, wato fitowa ɗaya ta manhajar, a kan wannan izini, ba a janye shi daga hannun waɗanda suka riga suka karɓa. Kamfani na iya sauya sharaɗin zubin gobe, amma na jiya ya fita daga hannunsa. A rumbun bayanai wannan batu yana da nauyi sosai, domin a nan ne banki ke ajiye lissafin asusu, asibiti ke ajiye tarihin marasa lafiya. Wanda ya zuba bayanan shekara goma a cikin manhaja ɗaya ba ya tashi dare ɗaya ya kwashe.

Babu misalin da ya kai na MySQL. An fara fitar da ita a 1995 a ƙasar Suwidin, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙire ta, Michael Widenius, wanda aka fi sani da Monty, ya sa mata sunan 'yarsa My. A 2008 kamfanin Sun Microsystems ya sayi kamfanin da ke da ita a kan kusan dala biliyan 1. Shekara na zagayowa sai Oracle ya sanar cewa zai sayi Sun ɗin kansa. Hankalin mutane ya tashi, domin Oracle yana sayar da nasa rumbun bayanai mai tsada, ga shi kuma zai riƙe wuyan wadda ake samu kyauta. Monty bai jira ya ga yadda za ta kaya ba. A 2009 ya ɗauki rubutun MySQL, wanda ke kan GPL, wani lasisin buɗaɗɗen tushe, ya kafa MariaDB, ya sa mata sunan wata 'yar tasa, Maria.

A yi wa Oracle adalci: bai rufe MySQL ba, har yau akwai zubinta na kyauta. Amma jama'a da yawa sun bi reshen. Wikipedia ta koma MariaDB a 2013, Red Hat da Debian, masu fitar da tsarin sarrafa kwamfuta na Linux, suka bi sahu, na farko a 2014, na biyu a 2017. Mai kula da saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima, wanda ya girka sabuwar Debian a lokacin zai rubuta umarnin da ya saba, mysql, ya danna, sai ya ga baƙin allo yana yi masa maraba da sunan MariaDB. Teburan bayanansa suna nan, tambayoyin da yake yi wa rumbun suna aiki, abin da ke ƙarƙashi ne kawai ya sauya.

Akwai abu biyu da lasisi ba ya bayarwa. Na farko suna, domin alamar kasuwanci ce, tana nan hannun mai ita, shi ya sa kowane fok ke zuwa da sabon suna. Na biyu mutane, kuma a ganina a nan ne maganar take. Kwafar rubutu aikin minti biyar ne. A GitHub ma, shafin da ake ajiye rubutun manhajoji, akwai maɓalli mai suna fok, ana danna shi kullum don a gyara ɗan kuskure a mayar wa masu manhaja, kuma wannan ba ɓallewa ba ce. Fok ɗin da ke shiga labarai shi ne wanda ya ja waɗanda suka san cikin manhajar, masu iya toshe kafar tsaro cikin dare idan ta ɓulla. Reshen da bai sami irin waɗannan ba bushewa yake yi, ko da an yi ta yayata shi a makon farko.

Abin da ya faru da Redis, wata manhajar rumbun bayanai, ya nuna haka ƙarara. Salvatore Sanfilippo, ɗan Italiya, ya fara ta a 2009, ta yi shekaru a kan lasisin BSD mai sauƙin sharaɗi. A watan Maris na 2024 kamfanin Redis ya sauya lasisin zuwa wasu da ke taƙaita sayar da ita a matsayin hidima ta intanet. Watan bai ƙare ba sai da aka sanar da fok ɗinta mai suna Valkey a ƙarƙashin gidauniyar Linux, an ɗora ta a kan zubi na 7.2.4, da goyon bayan Amazon da Google da Oracle, tare da wasu daga cikin tsofaffin masu kula da Redis ɗin. A watan Mayu na 2025 kamfanin ya ƙara lasisin AGPL, wanda ake lissafawa cikin buɗaɗɗu, amma a lokacin Valkey ta riga ta tsaya da ƙafarta.

Ba na ɗaukar kukan irin waɗannan kamfanoni da wasa. Suna biyan albashin injiniyoyi, sai manyan kamfanonin gajimare, masu ba da hayar kwamfutoci ta intanet, su ɗauki aikin su sayar wa duniya, riba ta tafi can. Kuka ne na gaskiya. Sai dai wanda ya ba da lokacinsa kyauta yana gyara manhaja bisa sharaɗin cewa ta kowa ce, shi ma yana da hakki, kuma fok ne kaɗai abin da ke hannunsa idan aka sauya magana.

PostgreSQL, ita ma manhajar rumbun bayanai, ta tsira daga irin wannan rikici saboda tsarinta. Ta samo asali daga aikin Michael Stonebraker a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986, ta ɗauki sunanta na yanzu a 1996, kuma babu kamfani ɗaya da ya mallake ta, balle a saye shi a saye ta tare. Ƙungiyar masu haɓaka ta, daga kamfanoni da ƙasashe daban-daban, tana fitar da babban zubi kowace shekara, tana kula da kowanne na tsawon shekara 5.

Ga mai riƙe da bayanan mutane, labarin fok ba dalilin gaggawa ba ne. Ya duba su wa suka bi reshen, wa ke biyan su, da kuma ko gyaran tsaro yana fitowa a kan lokaci. Ya kuma tuna cewa rassa suna nisanta da juna yayin da shekaru ke tafiya. A farkon lamari ana cire MySQL a sa MariaDB ba tare da an taɓa komai ba. Yau kowacce ta ƙara abubuwan da ɗayar ba ta da su, hatta yadda suke ajiye bayanan JSON, wani salon tsara bayanai a rubuce, ya bambanta, don haka mai shirin ƙaura sai ya fara gwadawa a kan kwafin bayanansa kafin ya taɓa na ainihi.