Furucin Kalmomin Aro daga Faransanci a Ingilishin Birtaniya da na Amurka

Ingilishi ya ari dubban kalmomi daga Faransanci, kuma da yawa daga cikinsu Baturen Ingila da Ba'amurke suna rubuta su iri ɗaya amma suna furta su daban. Saɓanin ya fi fitowa a gaɓar da ake ɗora wa nauyi, sai wasulan da Ingilishi ba shi da irinsu, sai kuma baƙin ƙarshen kalma. Ana yawan cewa Amurkawa sun fi kusa da furucin Faransa, su kuwa mutanen Birtaniya sun fi narkar da kalma ta zama tasu. Wannan gaskiya ne a rukuni ɗaya kawai. A wasu kalmomin akasin haka ne, kuma abin da ya fi tasiri shi ne zamanin da kalmar ta shigo.

A wannan maƙala an kusanta furuci da haruffan Hausa. Manyan haruffa suna nuna gaɓa mai nauyi, wato wadda ake dannawa a ja ta fiye da sauran. An sa *zh* a madadin sautin *j* na Faransanci, irin wanda Hausawan Nijar da dama suke yi. Furucin Birtaniya a nan shi ne karin kudancin Ingila da ƙamusoshi suke bi.

Yadda kalmomin suka shigo

Bayan William na Normandi, wani yanki a arewacin Faransa, ya ci Ingila a yaƙin Hastings a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da manyan masu ƙasa har kusan ƙarni uku. Wata doka ta 1362 ta umarci a riƙa yin shari'a da Ingilishi, amma lauyoyi suka ci gaba da rubutu da wani nau'in Faransanci nasu har cikin ƙarni na 17. Masana tarihin harshe sukan ƙiyasta cewa kalmomi kusan 10,000 ne suka shiga Ingilishi a wancan zamani, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu suna aiki har yau.

Waɗannan kalmomi sun daɗe da zama 'yan gida. Ingilishi ɗan dangin Jamusanci ne, ɗabi'arsa ita ce ɗora nauyi a gaɓar farko, sai ya ja *city*, *nature*, *village*, *courage* da *marriage* zuwa wannan tsari. A waƙoƙin Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ana ganin sauyin yana kan hanya: kalma guda takan zo da nauyi a ƙarshe a wannan baiti, ta zo da shi a farko a wancan. Daga baya babban sauyin dogayen wasula da ya auku tsakanin kimanin 1400 da 1700 ya bi ta kansu kamar yadda ya bi ta kan kalmomin asali. Yawancin wannan aiki ya riga ya yi nisa kafin Ingilishi ya kafu a Amurka da zaman Jamestown a 1607, shi ya sa ba kasafai ƙasashen biyu suke saɓawa a kan wannan rukuni ba.

Zubi na biyu ya ƙarfafa bayan 1660, lokacin da Sarki Charles na II ya dawo daga gudun hijira, wanda ya yi wani ɓangarensa a Faransa, kuma Faransanci ya zama abin ado ga masu hali. Kalmomin da suka shigo, ko aka sabunta furucinsu, a wannan zamani sun riƙe nauyi a ƙarshe a ƙasashen biyu: *machine*, *police*, *fatigue*, *routine*. Ana iya gane shekarun kalma daga haruffan *ch*. A tsofaffi irin *chief*, *chair* da *change* sautin *c* na Hausa ne, domin haka Faransawa suke furta shi lokacin da aka aro su. A *chef*, *champagne* da *chauffeur* kuwa *sh* ne. *Chief* da *chef* kalma ɗaya ce aka ara sau biyu, da tazarar ƙarni biyar ko kusa da haka.

Mafi yawan saɓanin yana cikin kalmomin da suka yaɗu bayan Amurka ta ɓalle a 1776, musamman na ƙarni na 19 da farkon na 20: sunayen abinci, tufafi, raye-raye, zane, da kayan mota. A nan kowace ƙasa ta karɓi kalma ta hanyarta.

Nauyin gaɓa

Wannan ne bambancin da ya fi tsari. A kalmomi masu gaɓa biyu, Birtaniya tana danna ta farko, Amurka ta ƙarshe. *Ballet* BA-lei ne a Landan, ba-LEI a New York. Haka *café*, *beret*, *cliché*, *chalet*, *sachet*, *brochure*, *baton*, *salon*, *plateau*, *massage*, *debris* da *vaccine*. A masu gaɓa uku ko fiye irin *fiancé* da *attaché*, Birtaniya takan danna ta biyu, Amurka ta ƙarshe.

Akwai ƙaramin rukuni da ya juya. *Moustache* mas-TAASH ne a Birtaniya, MAS-tash a Amurka. *Cigarette*, *magazine* da *address* a matsayin suna su ma sun fi samun nauyi a ƙarshe a Birtaniya, alhali Amurkawa da yawa suna danna farkonsu. Kiran safiya na barikin soja, *reveille*, ri-VA-li ne a sojan Birtaniya, RE-va-li a na Amurka.

Babu ɗayansu da ya dace da Faransanci sosai, domin shi ba ya ware wa kowace kalma gaɓa mai nauyi. Gaɓoɓinsa kusan tsawonsu ɗaya, sai ta ƙarshen rukunin magana ake ɗan ja. Kunnen mai Ingilishi yana jin wannan ja a matsayin nauyi. Idan Ba'amurke ya kwaikwaye shi, dokar harshensa takan sa ya raunana wasalin farko har ya kusa ɓacewa, abin da Bafaranshe ba ya yi. Baturen Ingila kuma yana barin wasalin farko da cikarsa, amma ya sa nauyi inda Faransanci bai sa ba. Dukansu suna mai da gajeren *é* tagwan wasali, *ei*.

Nauyin yana iya motsawa cikin jimla. Ɗan Birtaniya da ke cewa si-ga-RET zai iya mayar da nauyin gaba idan kalma mai nauyi a farko ta biyo baya nan take, don kada gaɓoɓi biyu masu nauyi su yi karo.

Garage

Wannan kalma ta shiga Ingilishi a wajajen 1902 tare da mota, kuma ita ce aka fi muhawara a kanta. A Birtaniya tana da furuci uku: GA-raazh, GA-raaj, da GA-rij mai amsa-amo da *carriage*. A Amurka ga-RAAZH ne ko ga-RAAJ. Ukun na Birtaniya matakai ne na hanyar da *village* da *marriage* suka riga suka bi: nauyi ya koma gaba, *zh* ya zama *j*, sannan wasalin ƙarshe ya gajarce. H. W. Fowler, a littafinsa na ƙa'idojin amfani da Ingilishi na 1926, ya goyi bayan a ƙarasa narkar da ita. Kwamitin da BBC ta kafa a wannan shekarar don ba masu karanta labarai shawara kan furuci, wanda mawaƙi Robert Bridges ya fara shugabanta kafin George Bernard Shaw, ya sauya matsayinsa a kanta. A yau GA-rij ya yaɗu ƙwarai a Birtaniya, ko da yake akwai waɗanda har yanzu suke danganta GA-raazh da masu ilimi.

Inda Amurka ta riƙe tsohon furuci

Wannan ɓangare ne aka fi mantawa da shi, kuma shi ne ya fi koyar da tarihi. A ƙarni na 18 da na 19 masu ilimin Ingila, da Faransa take kusa da su kuma suke koyon harshenta a makaranta, sun sake mayar da wasu tsofaffin kalmomi zuwa furucin Faransa. Amurka ba ta bi su ba.

*Vase* misali ne. Tsohon furucinsa yana amsa-amo da *face*, kuma mawaƙan Ingila na da sun haɗa su a baiti. Amurka tana nan a kan veis ko veiz, Birtaniya ta koma vaaz. *Niche* nic ne a tsohon furuci, shi ne kuma ya daɗe yana rinjaye a Amurka. Niish na Birtaniya sabo ne, yanzu yana yaɗuwa a Amurkar ma. *Trait* a al'adar Birtaniya trei ne ba tare da *t* na ƙarshe ba, amma treit irin na Amurka ya rinjaye shi a bakin matasa. *Foyer* FOI-ei ne a Birtaniya, FOI-ar a wurin Amurkawa da yawa, kuma *penchant* PEN-cant ne a Amurka alhali Birtaniya tana ƙoƙarin yin wasulan hanci.

*Route* tana da furuci biyu a Amurka, ruut da raut, na biyun sakamakon sauyin dogayen wasula ne. Birtaniya ruut kawai take cewa. Wannan ya shafi na'urar rarraba intanet, *router*: RAU-tar a Amurka, RUU-ta a Birtaniya. Injin kafinta mai wannan rubutu kuwa rau- ne a ƙasashen biyu, domin daga wata kalma dabam ya fito.

A *herb* Birtaniya ce ta yi nisa da Faransanci. An aro ta ne a matsayin *erbe*, aka ƙara *h* a rubutu don bin Latin, kuma ba a furta shi har cikin ƙarni na 19, lokacin da barin *h* ya zama abin aibu a Ingila. Daga nan aka fara furta shi a *herb*, *humble* da *hospital*. Amurka ta bi a sauran, ta bar *herb* yadda take. A *hour*, *honest*, *honour* da *heir* kuwa ba a furta *h* a ko'ina. Ƙarshen *-ile* na *fertile*, *fragile* da *hostile* shi ma gajere ne a Amurka kamar yadda ya kasance a Ingila a ƙarni na 18, kafin -ail ya kafu a can.

Lieutenant da schedule

*Lieutenant* lef-TE-nant ne a Birtaniya, luu-TE-nant a Amurka. Rubuce-rubucen ƙarni na 14 da na 15 sun nuna siffofi masu *f*, don haka furucin tsoho ne. Ba a daidaita kan asalinsa ba: wasu na ganin daga wani karin tsohon Faransanci ya zo, wasu na ganin rikita *u* da *v* ne a rubutu.

*Schedule* ta zo daga tsohon Faransanci *cedule*, kuma da *s* ake fara ta. Bayan an gyara rubutunta, Birtaniya ta zaɓi she-, Amurka ta zaɓi ske- bisa kwatanci da *school*, furucin da Noah Webster, mai ƙamus na 1828, ya goyi baya. Ske- ya samu gindin zama a Birtaniya a yau.

Wasula da wuce gona da iri

Wasulan hanci na Faransanci sukan zama *on* a Birtaniya, wani lokaci da ɗan hanci, su zama *aan* a Amurka. *Croissant* KWA-son ne a Birtaniya, kra-SAANT a Amurka, da *t* a fili. Wasalin *eu* ya fi sauƙi ga Birtaniya, domin wasalin *bird* na karin da ba ya furta *r* yana kusa da shi. Amurkawa sukan kai shi zuwa *uu*, har *masseuse* ta zama ma-SUUS.

Wani lokaci ƙoƙarin kwaikwayo yakan wuce gona da iri. *Lingerie* da *i* take ƙarewa a Faransanci, amma Amurkawa da yawa suna cewa laan-zha-REI, saboda sun saba jin *ei* a ƙarshen kalmomin Faransa. Wasu kuma suna yar da sautin *s* na ƙarshen *coup de grâce*, alhali Faransawa suna furta shi. *Coupé* ta rasa wasalinta na ƙarshe a Amurka ta zama kuup.

Sunayen wurare

A nan kowa ya narkar da nasa. Garuruwan da Faransawa suka kafa a Amurka, irin Detroit a 1701, New Orleans a 1718 da St. Louis a 1764, da furucin Ingilishi ake kiran su. Des Moines di-MOIN ne, Versailles ta jihar Kentucky var-SEILZ. Beaufort ta North Carolina BO-fart ce, ta South Carolina BYUU-fart. A Ingila sunayen zamanin Normandi sun fi haka lanƙwasa: Beaulieu BYUU-li, Belvoir BII-va, Beauchamp BII-cam.

Dalilai

Ana kawo kusancin Ingila da Faransa, tasirin ƙamusoshi, da yawan baƙin haure a Amurka. Babu bayani ɗaya da ya game duka kalmomin.

Sauran ƙasashe

Ostireliya da New Zealand sun fi bin Birtaniya. Kanada tana gauraya, sojanta kuma lef- suke cewa a *lieutenant*.

Ingilishin Najeriya daga Birtaniya ya samo tushe, kuma ana jin haka a kalmomin da Hausa ta ara ta hanyarsa. *Laftanar* tana da *f* na Birtaniya, *gareji* ta bi GA-rij, *daffo* kuma ta bi DE-po na Birtaniya, ba DII-po na Amurka ba. Hausar Nijar ta ɗauki nata kai tsaye daga Faransanci, kamar *jandarma* da *lakwal*, wadda ta taho da harafin *l'* na gaban *école* a manne. Sunan kogin da ya ratsa ƙasashen biyu ya shigo Hausa ta ƙofa biyu: Neja, kogin da jihar, daga Ingilishi, Nijar, ƙasar, daga Faransanci. A Ingilishi kansa ana jin NAI-ja da nii-ZHER ga sunan ƙasar, a Birtaniya da Amurka baki ɗaya.