Masu Cewa “Mun Sani”: Tambayoyi Kan Makantar Zuciya da Hukunta Ɗan'uwa

Waɗannan tambayoyi sukan taso a ajin baftisma, da nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako, da zaman dattawan ikilisiya. Yawancin amsoshin mun ɗora su a kan Yahaya sura 9, labarin mutumin da aka haifa makaho.

Me ake nufi da makantar zuciya? Jahilci ne?

A'a. Jahili ya san bai sani ba, yana iya tambaya. A ƙarshen surar, Farisiyawa, wato 'yan wata ƙungiyar Yahudawa masu tsananta bin shari'ar addini, suka tambayi Yesu ko su ma makafi ne. Amsarsa a aya ta 41 ita ce, da makafi ne su da ba su da laifi, amma tun da suna cewa suna gani, laifinsu yana nan daram. Makaho na ainihi yakan riƙe sanda, ko ya dafa kafaɗar ɗan jagora. Wanda ya tabbata idonsa garau ne ba ya neman ko ɗaya, shi ya sa yake faɗawa rami har ya ja na bayansa, kamar yadda Matiyu 15:14 ta nuna.

Yaya abin ya kama mutanen da suka haddace Attaura?

Da kaɗan-kaɗan. Ku buɗe surar ku bi ta aya-aya, domin daga aya ta 8 zuwa ta 34 Yesu ba ya wurin, masu addini ne kawai suke ta bincike.

Yesu ya tofa yawu, ya kwaɓa ƙasa, ya shafa wa mutumin a ido, ya aike shi wanka a tafkin Siluwam. Tafkin yana can gangaren kudancin Urushalima, kuma a 2004 masu gyaran magudanar ruwa suka ci karo da matakalansa na dutse. Mutumin ya gangara can da laka a fuska, bai ga wanda ya warkar da shi ba, shi ya sa daga baya ko da suka haɗu bai gane shi ba. Matsalar ita ce ranar Asabar ce, ranar hutun Yahudawa, kwaɓi kuwa yana cikin ayyuka 39 da malaman Yahudawa suka lissafa daga baya a matsayin haramun a wannan rana.

A aya ta 16 akwai sauran lafiya, don kan Farisiyawan ya rabu: wasu na cewa mai karya Asabar ba daga Allah yake ba, wasu na cewa ta yaya mai zunubi zai yi irin wannan al'ajabi. A aya ta 18 sai suka musa cewa mutumin ya taɓa makancewa, suka kira iyayensa. Iyayen suka tabbatar da ɗansu ne, makaho aka haife shi, suka kama bakinsu daga nan saboda tsoron kora daga majami'a. Hujja ta tsaya ke nan, amma a aya ta 24 suka sake kiransa da hukuncin da suka riga suka yanke: mun sani mutumin nan mai zunubi ne. Da ya ƙi bin su sai zagi a aya ta 28, sai gori a kan haihuwarsa a aya ta 34, sai kora.

Tsarin ke nan har gobe: a yanke hukunci, a nemi shaidar da za ta goyi bayansa, idan shaida ta ƙi a ɓata mai shaidar. Shi kuwa makahon hanyarsa sama take yi. A aya ta 11 Yesu “wani mutum” ne a bakinsa, a ta 17 annabi, a ta 33 wanda ya zo daga Allah, a ta 38 ya yi masa sujada.

Sai dai a yi hattara da mayar da sunan Bafarisiye zagi. Nikodimu Bafarisiye ne, shi ne kuma ya tambayi 'yan'uwansa a Yahaya 7:51 ko shari'arsu tana hukunta mutum ba a ji ta bakinsa ba. Gamaliyal ma haka, shi ya hana a kashe manzanni a Ayyukan Manzanni sura 5.

To tabbaci a kan bangaskiya laifi ne ke nan? Ya kamata Kirista ya zauna cikin shakka?

Ko kusa. Wanda ya fi kowa tabbaci a surar shi ne makahon, ya tsaya gaban manya bai janye ba. Bambancin yana wajen faɗin abin da kowa ya ce ya sani. A aya ta 25 ya ce ko Yesu mai zunubi ne shi bai sani ba, abu ɗaya ya sani: dā makaho ne, yanzu yana gani. Tabbacinsa ɗan ƙarami ne, a kan abin da ya same shi. Nasu kuwa ya shiga zuciyar wani, ya shiga asalin wani, ya shiga abin da Allah zai iya yi ranar Asabar.

Bulus, wanda ya rubuta wa Timoti cewa ya san wanda ya gaskata, shi ne dai ya gaya wa Korintiyawa cewa yanzu gani muke yi dishi-dishi kamar a madubi. Madubin wancan zamani ƙarfe ne da aka goge. Bulus ya san bakin maganar kuwa, domin shi da kansa ya ce a Ayyukan Manzanni 26:9 dā ya tabbata wajibi ne ya yaƙi sunan Yesu. Sai da ya yi kwana 3 a Dimashƙu ba gani, ba ci, ba sha, ana jansa da hannu.

Matiyu 7:1, wadda ta ce kada ku hukunta don kada a hukunta ku, ta hana hukunci gaba ɗaya? Wasu da an yi musu magana sai su jawo ta.

Masu jawo ta sukan tsaya a aya ta 1. Ku karanta har ta 5. Mai gungume a ido an ce masa ya fara cire nasa, sa'an nan zai gani sosai ya cire ɗan hakin da ke idon ɗan'uwansa. Hakin yana nan, yana kuma ciwo, ba a ce a bar shi ba. A wannan sura dai aka ce a gane annabawan ƙarya ta 'ya'yan da suke bayarwa, wanda ba ya yiwuwa sai da aunawa. Kalmar Helenanci da aka yi amfani da ita, krino, tana ɗaukar rarrabewa, tana kuma ɗaukar yanke wa mutum hukunci. Abin da aka hana shi ne mudu biyu: babba don auna wa kanka uzuri, ƙarami don auna wa wani. Bahaushe ya riga ya faɗa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Waɗanne abubuwa ne ba hurumin mutum ba sam?

Nufin zuciya na farko. Kana iya cewa wane ya yi kaza, idan ka gani. Da ka ce ya yi ne don a yabe shi, ka shiga abin da 1 Korintiyawa 4:5 ta ce a bar wa Ubangiji. Makomar mutum ta ƙarshe ma haka: a misalin alkama da zawan (wata muguwar ciyawa mai kama da alkama) a Matiyu 13, maigida ya hana bayinsa cire zawan tun kafin girbi, don kada su tumɓuke har da alkamar.

Na ukun shi ya fi yi mana ɓarna, wato fassara masifar wani. Da wannan ne Yahaya 9 ta buɗe, a kan makahon, kuma almajirai ne suka yi tambayar, ba Farisiyawa ba: wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa? Yesu ya ce ba ko ɗaya. A Luka 13 ya kawo mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Abokan Ayuba sun yi surori suna nema masa zunubi, a ƙarshe su Allah ya yi fushi da su. Duk da haka za ka ji ana raɗa a kan matar da ta shekara goma ba haihuwa, ko gidan da yara ke ta ciwo, har a nuna wata tsohuwa da yatsa a ce mayya ce. Sau da yawa amsar tana asibiti. Idan miji da mata duka nau'in jininsu AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na zuwa da sikila, ko da su ne suka fi kowa addu'a a unguwa. Yanar ido kuma aikin tiyata ne, irin wanda asibitin ido na ECWA a Kano ya daɗe yana yi. Mai cewa a je a tuba alhali gwajin jini ake bukata ya ƙara wa mara lafiya ciwo na biyu.

Idan na ga ɗan'uwa cikin laifi na zahiri, me zan yi?

Kafin ka motsa, raba abin da ka gani da abin da ka ji. Ƙila-wa-ƙala ba shaida ba ce, kuma Karin Magana 18:17 ta lura cewa mai fara kai ƙara shi ne kamar mai gaskiya, sai abokin shari'arsa ya zo. Ka kuma duba ko zunubi ne ko kuwa saɓanin al'ada. Romawa 14 ta yi magana a kan cin nama da kiyaye ranaku, ta ce kada mai ci ya rena mara ci, kada mara ci ya hukunta mai ci. Gardamar 'yan kunne, da kiɗan ganga a sujada, da irin ɗinkin mata, mafi yawanta nan ta faɗa.

Idan laifi ne na gaske, Matiyu 18:15-17 ta shimfiɗa hanya. Ka je ka same shi ku biyu kaɗai. Fara da tambaya, ka faɗi abin da ka gani da ranar da ka gani, ka bar “kullum haka kake”. Idan ya ji, magana ta mutu a nan, ko matarka ba ta da rabo a ciki. Idan ya ƙi, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, bisa ƙa'idar shaidu biyu ko uku ta Maimaitawar Shari'a 19:15. Su zama waɗanda shi ma yake ganin girmansu, domin aikinsu ya haɗa da gaya maka idan kai ne ka yi kuskure. Sai bayan wannan maganar ta kai gaban ikilisiya. Galatiyawa 6:1 ta ƙara sharaɗi biyu: tawali'u, da lura da kanka kada kai ma a jarabce ka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma yadda aka faɗe shi yana iya mayar da shi haka.

Ina abin yake lalacewa a ikilisiyoyinmu?

Galibi daga mataki na uku ake farawa. Kafin mai laifi ya ji, fasto ya ji, Zumuntar Mata ta ji, an ma sa shi cikin addu'a da sunansa a zauren WhatsApp. Gulma ce aka yafa mata gyalen roƙon addu'a. Wanda aka tona ba ya tunanin tuba, kare kansa yake yi.

Sai horo mai ido ɗaya. Yarinya ta yi ciki, cikin ya nuna, an mayar da ita bencin baya an hana ta Jibin Ubangiji, wanda ya yi cikin kuwa yana gaba yana kaɗa jita. A Yahaya 8 mace kaɗai aka jawo gaban Yesu a kan laifin zina, alhali Littafin Firistoci 20:10 ya ambaci namiji da mace duka. Haka idan mai laifin shi ne ya sayi kwanon rufin coci, sai murya ta yi sanyi, abin da Yakubu sura 2 ta kira tara, wato nuna bambanci.

Akwai kuma horon da ba shi da ranar ƙarewa. Tun ranar da aka sa mutum horo ya kamata dattawa su rubuta laifin, da abin da ake jira a gani, da ranar sake zama, su kuma naɗa wanda zai riƙa ziyartarsa. In ba haka ba yakan zauna a baya wata da watanni har ya daina zuwa. Bulus ya gaya wa Korintiyawa a wasiƙarsa ta biyu, sura 2, cewa horon wani mai laifi ya isa, su yafe masa su ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Maƙwabcina da ba Kirista ba fa?

1 Korintiyawa 5:12 gajera ce: ina ruwana da hukunta na waje? Kana da 'yancin faɗin abin da ka gaskata, 1 Bitrus 3:15-16 ta ce a yi shi da tawali'u da ladabi. Dokar hana shaidar zur ba ta ware kowa ba, don haka tura hoton da ba ka tantance ba a kan Musulmi, ko a kan wata ɗarika, yana ƙarƙashinta. Almajiran Yesu, Yakubu da Yahaya, sun so su kira wuta a kan ƙauyen Samariyawa da suka ƙi karɓar Yesu, su ya juya ya tsawata wa.

Tun da makahon zuciya bai san ya makance ba, ta yaya zan gane kaina?

Kai kaɗai ba za ka iya ba, gwano ba ya jin warin jikinsa. Dawuda ya ji labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci, ya husata ya ce mutumin ya cancanci mutuwa, zai biya ninki huɗu. Idonsa na aiki sarai a kan laifin wani, sai da annabi Natan, wanda ya kawo masa labarin, ya ce masa kai ne mutumin, domin shi ma ya ƙwace matar wani. Saboda haka ka nemi mutum ɗaya ko biyu da suke da izinin gaya maka gaskiya, ka kuma lura da yadda kake yi musu idan sun faɗa.

Akwai alamun da za ka iya dubawa. Ana wa'azi kana tunanin wanda ya kamata ya ji. Labarin faɗuwar wani yana yi maka ɗan daɗi. Ba ka iya faɗin hujjar abokin gardamarka yadda shi zai yarda haka yake nufi. Ka manta ranar ƙarshe da ka ce na yi kuskure. Addu'arka ma tana tona ka: Bafarisiyen Luka 18 yana azumi sau biyu a mako, yana ba da zakka, ba ƙarya ya yi ba, amma har a gaban Allah sai da ya waiwayi mai karɓar haraji. Wanda ya karanta wannan ya gode wa Allah da bai zama kamar Bafarisiyen ba, addu'arsa ya maimaita.

Na gano na hukunta wani bisa kuskure. Ya isa in roƙi Allah gafara?

Matiyu 5:23-24 ta ce ka ajiye baikonka a gaban bagade, ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Ka same shi da ƙafarka, ka faɗi ainihin abin da ka ce da waɗanda ka gaya wa, ba tare da “idan na ɓata maka” ba. Sa'an nan ka bi maganar duk inda ta je. Idan mutum uku ka gaya wa, ka koma wurin ukun. Idan a zaman dattawa ne, a gyara a littafin taro. Idan a zauren WhatsApp ne, goge saƙon bai wadatar ba, domin an riga an karanta, wataƙila ma an tura gaba. Ka rubuta gyaran a wannan zauren, da sunanka, ka roƙi waɗanda suka tura su tura shi ma.