Bambancin modul ginanne da modul da ake lodawa a kanel ɗin Linux

Kanel shi ne zuciyar babbar manhajar kwamfuta, domin shi ne yake shiga tsakanin na'urorin da ke cikinta da manhajojin da mutum yake buɗewa. A Linux, wanda Linus Torvalds ya fara fitarwa a shekarar 1991, ana iya haɗa yawancin direbobin na'urori (ƙananan manhajojin da kanel yake sarrafa na'urori da su) ta hanya biyu, kuma mai harhaɗa kanel ne yake zaɓa ta hanyar sa harafin y ko m a cikin fayil ɗin saituna mai suna .config.

Idan ya sa y, direban zai zama ginanne, wato ya narke cikin fayil ɗin kanel ɗin kansa, ya shiga RAM tun daga tashin kwamfuta ya zauna har a kashe ta, ko ana amfani da shi ko ba a yi, kuma babu halin cire shi sai an sake harhaɗa kanel. Idan kuwa ya sa m, sai direban ya zama modul, wato a ajiye shi daban a fayil mai ƙarewa da .ko a ƙarƙashin /lib/modules, a loda shi lokacin da buƙatarsa ta taso, kamar sa'ad da aka soka wata na'ura a kafar USB. Umarnin modprobe yana loda modul tare da duk sauran modul ɗin da ya dogara da su, abin da umarnin insmod ba ya yi. Masu koyo sukan ruɗe idan umarnin lsmod, mai jera modul ɗin da aka loda, bai nuna direban da yake aiki ba, alhali dalilin shi ne ginannu ba sa fitowa a jerinsa, sai dai a fayil ɗin modules.builtin.

Inda zaɓin yake da nauyi shi ne direban faifan ajiya da tsarin fayiloli irin su ext4. Idan an mayar da su modul an ajiye su a faifan da kanel bai iya karantawa ba tukuna, an kulle mabuɗi a cikin ɗaki ke nan, kwamfutar kuma ba za ta tashi ba. Shi ya sa nau'o'in Linux irin su Ubuntu da Fedora, da ba su san irin kwamfutar da za a ɗora su a kai ba, suke tattara modul ɗin da ake buƙata tun farko a cikin initramfs, wani ƙaramin ƙunshin fayiloli da ake lodawa tare da kanel. Mai ƙera ƙaramar na'ura da kayan cikinta ba sa canzawa, a ganina gara ya gina komai a ciki ya huta.

Dole ne modul ya dace da sigar kanel ɗin da aka harhaɗa shi dominsa, don haka direbobin waje irin na kamfanin NVIDIA sukan dogara da wani tsari mai suna DKMS ya sake harhaɗa su duk lokacin da aka sabunta kanel.