Sana'ar hannu ba mafakar wanda boko ya ƙi ba ce

An daɗe ana cewa sana'ar hannu ta yaron da ya kasa karatu ce. Maganar nan tana yi mini ciwo, don ba haka abin yake ba.

Leƙa karofin Ƙofar Mata a Kano. Marini zai haɗa baba da toka a rami, ya jira kwanaki kafin ruwan ya nuna. Ya tsoma zane, ya ɗago shi kore, iska ta mayar da shi shuɗi, ya sake tsomawa, har hannunsa ya rine. In ya yi gaggawa, launi ya zuba.

Yaron da ya shekara gaban ubangidansa a nan yana koyon lissafin haɗi, da cika alkawarin ranar karɓa, da riƙon amanar shaddar mutane mai tsada.